Ƙungiya tana da wuyan ɗaukar alhaki, amma ba ta jin yunwa

Ranar 27 ga watan Oktoba na 2008, kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, matar da aka sayar a 1996 tana 'yar shekara 12, ta yi shekaru cikin bauta a yankin Ƙonni na jihar Tawa. A gaban wannan kotu ba mutumin da ya saye ta ta kai ƙara ba, ba kuma wani alƙali ko wani jami'i guda ba. Jamhuriyar Nijar ta kai ƙara, kuma Jamhuriyar Nijar kotun ta kama da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin Tandja Mamadou da ke mulki a lokacin hukuncin ba ita ke kan karaga ba ranar da aka sayar da yarinyar, amma ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin uzuri, domin kowa ya san cewa gwamnati takan sauya, ƙasa kuwa tana nan da bashinta.

To, wace ce wannan Nijar da aka kira gaban alƙali, ta ɗauki lauya, ta kare kanta, aka kama ta da laifi? Ba yashin Tenere ba ne, ba kuma manomin Buza ko mai kamun kifi a Ayoru ba, waɗanda ba su taɓa jin sunan matar ba. Wannan ita ce tambayar da masana falsafar zamantakewa suka daɗe suna kai-kawo a kanta: shin taron mutane, ko ƙasa ne, ko kamfani, ko jam'iyya, ko sandika, zai iya zama mutum a karan kansa, dabam da ɗaiɗaikun da ke cikinsa? Amsar da nake tsaye a kanta ita ce, ƙungiya mai tsari mutum ce ta fuskar alƙawari da bashi da amsa laifi, amma ba mutum ba ce ta fuskar darajar da ke sa a kiyaye rai saboda shi kansa. Yawancin ɓarnar da muke gani tana faruwa ne idan aka juya lamarin, aka ba ƙungiya darajar mutum, aka kuma sauke mata alhakinsa.

Masu cewa ƙungiya suna ne kawai suna da hujja mai sauƙin shiga kai. Suna cewa idan ka fitar da mutane daga ɗakin taro, kujeru kawai za su rage. A Turai wannan ra'ayi ya tsufa. Tun ƙarni na 13 Fafaroma Inosan na Huɗu ya hana a yanke wa ƙungiya hukuncin kora daga coci, saboda ba ta da ran da za a kora. A 1651 Thomas Hobbes na Ingila ya ce taron jama'a yakan zama mutum ɗaya ne kawai idan sun amince wani ya wakilce su, wato ɗayantakar tana jikin wakilin, ba jikin taron ba. A ƙarni na 19 malaman shari'a na Jamus suka rabu biyu: Savigny yana ganin ƙungiya ƙagen doka ce da aka yi don sauƙaƙa ma'amala, Otto von Gierke kuma yana ganin tana da hakikanin nufi da rayuwa tun kafin hukuma ta san da ita.

Dokarmu ta nan ta ɗauki hanyar aiki, ba ta tsaya gardama ba. A ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 wadda Nijar ke cikinta, kamfani yana samun matsayinsa na kansa daga ranar da aka shigar da shi rajistar kasuwanci, ya mallaki dukiya, ya ci bashi, a kai shi ƙara da sunansa. Koperatif ma ta samu nata tsarin a dokar da aka amince da ita a Lome a 2010, ƙungiyoyin sa-kai kuma suna tafiya ne a kan dokar 1984. Amma hatimin hukuma ba ya kashe wannan magana. A 2017 majalisar ƙasar Niyu Zilan ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a doka domin a kare shi, kuma ba wanda ya ce daga ranar kogin ya fara tunani. Doka tana iya rataya wa abu suna don wata maslaha. Abin da muke son sani shi ne ko akwai wani abu na gaske a ƙarƙashin sunan.

Kafin mu je nesa, ya kamata mu tuna cewa zaurukan karatunmu sun san wannan matsala. Malaman Malikiyya sun halatta mutum ya yi wa masallaci wasiyya, a kashe dukiyar a kan maslahar masallacin, alhali masallaci ba ya miƙa hannu ya karɓa. Baitulmali yana karɓar gādon wanda bai bar magaji ba, kuma haƙƙoƙin da ke kansa ba sa faɗuwa don shugaba ya mutu. Sallar gawa farilla ce ta kifaya, nauyi ne a wuyan jama'ar gari gaba ɗaya: idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari duka sun yi laifi. Diyyar kisan kuskure ma dangin mai kisan ta wajen uba ke haɗuwa su biya. Alƙur'ani mai girma ya ce kowace al'umma tana da ajalinta, a Suratul Jasiya kuma ya ce za a kira kowace al'umma zuwa ga littafinta. Shi ne dai ya nanata a wurare da dama cewa babu rai mai ɗaukar nauyin wani rai, kuma a Suratu Maryam ya ce kowa zai zo ranar alƙiyama shi kaɗai. Malamai ba su ga karo a tsakanin waɗannan ba. Sun yarda jama'a tana iya zama abin ɗora wa nauyi, ba tare da an shafe hisabin mutum ɗaya ba. Ina ganin wannan ma'aunin ya fi na Savigny da na Gierke daidaito.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa ƙungiya ta wuce suna kawai ta fito ne daga aikin masana falsafa Christian List da Philip Pettit, wanda suka wallafa a 2011, kuma za a iya gwada ta a kowane garin albasa tsakanin Galmi da Madawa. A ce koperatif ta manoman albasa tana da kwamitin mutum uku masu duba neman bashin taki da iri, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a ba mutum sai ya cika sharaɗi biyu: ya biya bashin bara, kuma yana da garkar da ruwa ke isa. Wani manomi ya nema. Ɗan kwamiti na farko ya gamsu da sharaɗin biyu. Na biyu ya yarda ya biya bashin bara, amma yana shakkar ruwan garkar. Na uku ya yarda da ruwan, amma yana ganin akwai sauran kuɗi a kansa. Idan aka tambaye su kai tsaye ko a ba shi, mutum ɗaya ne kawai zai ce a ba shi, biyu su ƙi. Idan kuwa aka bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, biyu cikin uku sun ce ya biya, biyu cikin uku sun ce yana da ruwa, ke nan a idon kwamiti ya cika ƙa'ida, dole a ba shi. Ga hukuncin da koperatif ta yanke, wanda mafi yawan masu yanke shi ba su yarda da shi ba a zukatansu.

Wannan ba wasan lissafi ba ne. Kwamitin da ke son maganarsa ta yau ta dace da ta jiya, wanda ba ya son ya ce wa manomi ka biya, kana da ruwa, amma ba ka cancanta ba, tilas ne wani lokaci ya tsaya a kan matsayin da ya saɓa wa son ran 'ya'yansa. Daga nan ƙungiyar ta samu ra'ayin da ba na Malam wane ba ne, ba na Alhaji wane ba, nata ne. Za a iya riƙe ta da maganarta, a ce bara kun ce kaza, me ya sa bana kuka canza? Duk abin da za a iya yi wa wannan tambaya, ya kuma ji nauyin amsa ta, ya shiga sahun masu alhaki.

Sai dai ba kowane taro ne ya kai wannan matsayi ba, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni. Abin da ke mayar da taro mai alhaki shi ne ya kasance yana da hanyar yanke shawara da 'ya'yansa suka sani, yana da wanda ke magana da yawunsa bisa izini, yana kuma tuna abin da ya faɗa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a jihar Maraɗi a 1991 suna da wannan duka, ko da yawancin matan ba su yi lakwal ba: akwai ranar zubi, akwai akwati, akwai tarar makara, akwai shugaba da ma'aji, kuma duk wadda ta shiga ta san abin da ta ɗaura wa kanta. Ƙungiyar ɗalibai ta USN tana tuna ranar 9 ga Fabrairu na 1990, lokacin da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, duk da cewa ɗaliban yau ba a haife su ba a lokacin, kuma ba wanda ke ganin sun ari makokin wasu, domin ƙungiyar ɗaya ce tun wancan zamani. Mutanen da suka cika kasuwar Tawa ranar Lahadi kuwa, komai yawansu, ba su yanke komai tare ba, ba su yi wa kowa alƙawari ba.

Haka ƙabila take. Fulani ba su da ɗakin taron da suka zauna suka yanke cewa a tura shanu gonar wane. Hausawa manoma ba su da ma'ajin da ya sa hannu cewa a toshe burtali. Buzaye da Zabarmawa da Barebari ba su da bakin da ke magana da yawun kowa da kowa. Amma kullum muna jin ana cewa Fulani sun yi, manoma sun yi, kamar mutum ɗaya ne mai kai ɗaya. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta jihar Maraɗi, wannan irin magana ta ci rayukan makiyaya fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara, waɗanda ba su da hannu a abin da ya tayar da rikicin. Duk wanda ya ɗauki tambayar nan a matsayin hirar 'yan boko, ya tuna Toda. Karin maganar nan da ke cewa wake ɗaya ke ɓata gari gargaɗi ne ga mai niƙa, ba izini ba ne ga mai ramuwa. Ɗaukar ƙabila a matsayin mutum ɗaya kuskure ne na tunani tun kafin ya zama zunubi, kuma ina ganin wajibi ne malamai da masu rediyo su riƙa gyara shi a duk inda suka ji shi, ko a hirar majalisa ce.

Me ya sa ba za mu huta ba, mu ce mutane ɗaiɗaiku kaɗai ke da alhaki? Saboda akwai ayyukan da suka fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya. Kamfanin COMINAK ya haƙi yuraniyom kusa da Arlit daga 1978 har aka rufe mahaƙar a ƙarshen watan Maris na 2021, kuma tulin ƙasar da aka tace, miliyoyin ton, yana buƙatar kulawa ta shekaru masu yawa nan gaba. Injiniyoyin da suka fara aikin sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idan babu wani abu mai suna da dukiya da ke ci gaba da amsa kira bayan sun tafi, to mazauna Akokan, garin da ke gefen mahaƙar, ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Haka bashin da ƙasa ke ci, haka yarjejeniyar da sandika ke sa wa hannu, haka kuɗin da 'yan ci-rani na Adar ke tarawa a Abidjan don gina asibiti ko makaranta a garinsu. Duk waɗannan suna tsayawa ne a kan imanin cewa wanda ya yi alƙawarin zai kasance nan ranar cikawa, ko da fuskokin sun sauya. Faransa ma, wadda muka gaji yawancin tsarin shari'arta, sai a 1994 ta shigar da hukunta kamfanoni da ƙungiyoyi cikin kundin laifukanta, bayan ta ga cewa babban aiki yakan rarraba laifi ƙanana-ƙanana har ya rasa mai shi.

A nan nake rabuwa da masu son a kai maganar ƙarshenta, a ce tunda ƙungiya tana da nufi da alhaki, to mutum ce cikakkiya mai haƙƙi irin na ɗan Adam. Ƙungiya ba ta jin yunwa. Ba ta kwana da zazzaɓi, ba ta binne ɗa. Idan aka rusa koperatif, abin baƙin cikin shi ne manoman da suka rasa taki, ba wani rai da ya fita daga takardar rajista ba. Mun ɗanɗana wannan da bakinmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, lokacin da CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar lamarin, a takarda ƙasa aka hukunta, amma wanda ya ji a jikinsa shi ne mai ciwon suga da ke neman magani, da mai sayar da ƙanƙara, da direban da motarsa ta yi watanni a bakin iyaka. Bulalar da aka ɗaga don ƙungiya a bayan mutum take sauka, kuma sau da yawa a bayan wanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba. Duk mai yanke wa ƙungiya hukunci, ko kotu ce ko ƙasashen duniya, ya wajaba ya fara tambayar kansa wa zai biya.

Saboda haka haƙƙin ƙungiya aro ne daga 'ya'yanta, kuma iyakarsa ita ce amfanin da yake yi musu. Sandika tana da haƙƙin magana domin ma'aikaci shi kaɗai ba a jin muryarsa. Jarida tana da 'yanci domin mai karatu yana da haƙƙin sani. Idan aka manta da wannan tushe sai a wayi gari kamar Amurka, inda kotun ƙoli ta yanke a 2010 cewa ba za a taƙaita kuɗin da kamfanoni da sandikoki ke kashewa da kansu kan farfagandar zaɓe ba, saboda 'yancin faɗar albarkacin baki. A ganina wannan hukunci ya ba aljihu muryar da ta danne ta mai ƙuri'a. Mu ma muna da namu salon. Sau nawa aka rufe bakin yarinyar da aka zalunta don kare sunan gida? Sau nawa aka kori ɗan jam'iyya ko ɗan ƙungiya da ya nemi a karanta lissafin kuɗi, aka ce ya zubar da martabar ƙungiya? Martabar da ake saye da hawayen 'ya'yanta ba ta ƙungiya ba ce, ta wasu mutane ce da suka laɓe a bayanta.

Akwai ƙalubale ɗaya da nake girmamawa. Wani zai ce wannan ra'ayi ya raina jama'a, alhali mu ba mu san mutum a ware ba, a cikin dangi da gari muka san shi, kuma akwai abubuwan da ba su rabuwa kashi-kashi: harshe, rijiyar makiyaya, hurumin gari, maƙabarta. Gaskiya ne. Kundin dokokin karkara na 1993 da kansa ya amince wa makiyaya da fifikon amfani da mazauninsu na asali a matsayin jama'a, ba ɗaya-ɗaya ba, kuma na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari. Amma idan aka bi dalilin kare rijiyar har gindinsa, mutane za a tarar: wanda zai shayar da garkensa gobe, da jikan da ba a haifa ba tukuna. Haƙƙi na tarayya haƙƙi ne na gaske, sai dai masu shi mutane ne da ke riƙe da shi tare. Bambancin yana fitowa ranar da mai magana da yawun jama'a ya so ya sayar da hurumin, ko ya hana wani gida ruwa da sunan jama'a. Idan jama'a mutum ce mai haƙƙin kanta, to bakinta ya yi magana, shi ke nan. Idan kuwa haƙƙin na mutanen ne, gidan da aka hana yana da ikon zuwa gaban kwamitin filaye ya ce ba da yawunmu ba.

Abin da ya fi damuna a ofisoshinmu da ƙungiyoyinmu shi ne yadda kalmar kwamiti ta zama maɓoya. Kuɗi ya ɓace, sai a ce kwamiti ne ya yanke. An ba ɗan'uwa kwangila, sai a ce hukuma ce ta ga dacewar haka. Kama ƙungiya da laifi ba ya wanke hannun da ya sa hannu. Kotun Nuremberg ta 1946, a Jamus, ta ayyana wasu ƙungiyoyin 'yan Nazi a matsayin na masu laifi, kuma a zama guda ta hukunta shugabanni ɗaya bayan ɗaya, tana mai cewa mutane ne ke aikata laifi, ba sunaye ba. Alhakin biyu suna tafiya tare: ƙungiya ta biya diyya ta gyara tsarinta, wanda ya ɗebo da zafi kuma bakinsa. Wannan ba zai yiwu ba sai an san wa ya halarci zama, wa ya ce e, wa ya ƙi, wa ya riƙe mabuɗin akwati. Saboda haka nake kira ga kowace koperatif da ƙungiyar unguwa da kwamitin masallaci da na iyayen yara, daga Yamai har Abalak, su riƙa rubuta abin da aka yanke a kowane zama tare da sunayen masu yankewa, da harshen da 'yan ƙungiyar ke ji, da boko ko da ajami, a kuma karanta shi da ƙarfi a farkon zama na gaba kafin a taɓa wata magana.